Ranar da Na Samo wa Baba Ɗan Mista Jones

Ba zan taɓa mantawa da wannan la'asar ɗin ba, kuma ko na so in manta, 'yan Najeriyar da ke unguwarmu ta Sri Petaling ba za su bari ba. Har yau in na shiga mamak, wato gidan abincin da ke ƙasan gidanmu, shan shayi, sai wani ya ɗago kai daga farantinsa ya tambaye ni ko akwai sabon Baturen da nake nema wa dangi. Sai in yi murmushin yaƙe in nemi kujerar da ta ba jama'a baya.

Bari in faɗa muku ko ni wane ne, don ku san irin mutumin da abin ya faɗa wa. Malami ne ni a wata kwalejin ilimi a gida, gwamnati ta turo ni Kuala Lumpur in yi digiri na uku. Fannina kuwa ƙididdiga. Wato abincina kenan in hana mutane yanke hukunci da ka. Na sha danƙara wa ɗalibai sifili saboda sun ga abu biyu sun yi kama sun ce ɗaya ne, kuma in ina yi har da taunar leɓe nake yi.

Mahaifina tsohon hedimasta ne a Rano. Ya haura tamanin, ido ya fara yi masa gardama, ga hawan jini. Duk yaron da ya tashi a gidanmu sai ya haddace labarin Mista Jones kafin ya iya ɗaura wando. Mista Jones Bature ne, mutumin ƙasar Wales, shi ya koya wa su Baba Turanci a kwalejin horar da malamai. Baba na shekarar ƙarshe kakanmu ya rasu, baffanninsa suka ce boko ya ƙare, ya dawo ya kama gona ya riƙe ƙannensa. Sai ga Mista Jones a ƙauye cikin wata akwalar mota, ana tsakiyar damina. Ya zauna a tabarma, ya ci tuwon dawa da hannu, ya yi ta roƙonsu da guntuwar Hausarsa har suka haƙura. Baba ya koma ya gama. Kafin sakamako ya fito, Mista Jones ya tafi hutu ƙasarsu, bai sake dawowa ba.

Baba bai samu ya ce masa ko na gode ba, kuma abin nan ya zauna masa a rai. Ko sunansa na yanka bai sani ba, don a zamaninsu wa ya isa ya tambayi malami sunansa? Abin da ya rage masa hoton 'yan aji ne guda ɗaya, Mista Jones a tsakiya da gajeren wando da sanƙo. Tun da jikinsa ya fara rauni, da wuya mu yi waya bai sako zancen ba. Shi dai burinsa ya ga ko jikan mutumin nan ne, ya yi masa godiya baki da baki kafin ya koma ga Allah. Ni kuma duk lokacin da ya faɗa sai in ji zuciyata ta karye, don ban san ta inda zan fara ba.

Ana nan sai jami'armu ta kawo wani malami baƙo da zai yi zango ɗaya yana koya mana rubutun kundi. Ranar farko ya shigo aji, dogo, ga sanƙo yana ƙyalli a ƙarƙashin fitila, ya ce sunansa Dakta Jones. Wallahi ban ji sauran darasin ba. Ana tashi na bi shi a baya har mamak ɗin bakin ƙofa, na same shi yana kokawa da gurasar da suke kira roti da cokali mai yatsu. Na yi sallama irin ta Turawa, na ja kujera.

Tambaya uku na yi masa. Daga ina yake? Ya ce Wales. Mahaifinsa wace sana'a ya yi? Ya ce malamin makaranta ne. Yana raye? Ya ce ya rasu shekarun baya. Shi ke nan, na rufe bincike. Akwai tambaya ta huɗu da ko ɗan firamare zai yi, wato ko mahaifin nasa ya taɓa taka Najeriya. Ta zo har bakina na haɗiye ta, wai kada in ɓata ba-zatan da na riga na fara shiryawa a kaina. (Eh, tun shayina bai huce ba na fara tsara inda za a jera kujeru.)

Kada ku yi min dariya tukuna, ku saurari hujjata. Ni a sanina mu ne ba mu da sunan gida. Bahaushe ya ɗauki sunan ubansa ya liƙa, in wuri ya rage a takarda ya ƙara da sunan garinsu. Bature kuwa, a tunanina, sunansa na ƙarshe kamar tsagar gado yake a fuska, duk inda ka gan shi ka ga ɗan gidan. Na san akwai 'yan ƙwallo masu wannan suna, amma na ɗauka duk reshe ɗaya ne ya yi yaɗo. Ga Wales, ga koyarwa, ga sanƙo. Na buɗe hoton ajin su Baba da ke cikin wayata na buɗa shi da yatsu har fuskar ta zama dishi-dishi, na ga hanci ma iri ɗaya ne.

Ban iya jira na isa gida ba. A tashar jirgin ƙasa na kira Rano, mutane na ta ture ni ina tsaye.

"Baba, albishirinka."

"Goro, Dakta," in ji shi. (Tun ranar da na sami gurbin karatu yake kirana Dakta, ko babi ɗaya ban rubuta ba.)

"Na samo ɗan Mista Jones. Yau ya koyar da mu."

Can sai na ji shessheka. Rabon da in ji kukan Baba tun rasuwar Inna. Ya yi ta sa min albarka, ya ce dama ya san ba banza Allah ya kai ni ƙasar nan ba. Na shiga jirgi ƙirjina a buɗe, ina jin ni ma na haifu.

Matata Hajara ce ta fara zuba min ruwan sanyi. Tana yankan albasa ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta ce, "Abban Ilham, ka dai tambayi mutumin ko?" Na miƙa mata tsohon hoton nan da na Dakta Jones na ce ta dubi goshin nan, ta dubi hancin nan. Ta duba ta ce ita fa duk Turawa kama suke yi mata, kuma in zan faɗi gaskiya ni ma haka ne. Na ce mata ta tsaya a kan albasarta, harkar nazari ce wannan. Abokina Bitrus, mutumin Jos da ke zaune a unguwar Sentul, shi ma ya ce yana yaro ya san 'yan mishan biyu masu suna Jones, kuma bai taɓa jin sun haɗa komai ba. Na ce masa wataƙila 'yan uba ne ba sa shiri. Ya kalle ni ya ce, "To, lah," irin yadda mutanen Maleshiya ke rufe magana, ya ci gaba da cin abincinsa.

Kafin mako ya zagayo magana ta fi ƙarfina. Baba ya sa an ɗinka babbar riga fara mai aikin hannu, aka haɗa da hula da ƙunshin kilishi, aka ba wani ɗalibi da zai dawo daga Kano ya taho da su. Ƙanwata ta ce duk Rano an ji, har limamin unguwa ya sa ni a addu'a bayan sallar asuba. A nan kuma shugaban ƙungiyarmu ta ɗalibai ya ce wannan abin tarihi ne, ba za a yi shi a falo ba. Aka kama zauren taro na ƙasan benenmu, aka aro majigi daga sashenmu don a haska Baba a bango. Mata suka raba aiki, wannan tuwon shinkafa, waccan dafa-duka, Hajara ta fito da kukar da take ɓoyo tun zuwanmu. Shi kuwa Dakta Jones ce masa na yi 'yar walima ce ta ɗalibai, ya zo ya ɗanɗani abincin Najeriya. Ya ce "boleh", wato ba matsala a harshen ƙasar, yana murna, don kalmar kenan da ya koya a makon.

Ranar Asabar bayan la'asar, lokacin hantsi ne a gida, zaure ya cika. Ni na sha shadda ruwan sararin samaniya, ina ta kai da kawowa ina ba da umarnin da ba wanda ya nema. Aka kunna majigi sai ga Baba ya cika bango, ya sha rawani, an ɗora shi a kujerar ƙofar gida. Bayansa tsofaffin abokan karatunsa biyu da suka rage, da jikoki a ƙasa, da maƙwabta har inda hoto ya ƙare. Dakta Jones ya shigo da 'yar rigarsa mai gajeren hannu, ya ga taro, ya ɗan ja da baya, aka kamo hannunsa aka kai shi kujerar gaba.

Na karɓi lasifika. Jama'a, na yi jawabi. Na fara da Turanci mai nauyi, irin wanda nake ajiyewa don ranar kare kundi. Na ba da labarin mota a cikin taɓo, da tabarma, da tuwon dawa, har da abin da Baba bai taɓa faɗa ba na ƙara (wai an yi tsawa a daidai lokacin da baffanni suka amince). Mata suka fara share hawaye. Dakta Jones yana ta gyaɗa kai, labari ya ratsa shi, bai san da shi ake ba. Na yi wa Bitrus da shugaba alama suka tayar da shi tsaye, suka zura masa babbar riga, suka kafa masa hula. Aka yi tafi. Sai na sa aka haska tsohon hoton nan kusa da fuskar Baba, na nuna mai gajeren wando, na sassauta murya na ce, "Dakta, ga mahaifinka a ƙasarmu."

Ya gyara tabarau. Ya matsa kusa da bango ya duba. Na ga wuyansa ya fara ja, jan ya hau har kunnuwa. Ya juyo ya ce a hankali, amma lasifikar na kusa da bakinsa:

"Ka yi haƙuri, wannan ba mahaifina ba ne."

A nan mai hankali zai tsaya. Ni kuwa sai na yi dariya na ce ya ƙara dubawa, hoton ne ya tsufa. Ya ce mahaifinsa lissafi ya koyar a ƙauyensu har ya yi ritaya, bai taɓa wuce Landan ba, ko jirgin ruwa ba ya iya shiga saboda amai. Kuma har ya rasu gashinsa cike yake da kai, shi sanƙon nan a wajen dangin uwa ya gado. Wani a baya ya yi tari irin na mai danne dariya. Na ce to baffansa ne. Ya ce mahaifinsa shi kaɗai ne namiji a gidansu. Duk da haka bakina ya ƙi mutuwa. Na ce, cikin muryar da ni kaina ban gane ta ba, ai dai Jones ne, kuma daga Wales, dole akwai inda aka haɗu.

To ni na jawo. Malami in ya rasa yadda zai yi sai ya koma koyarwa, shi ma haka ya yi, yana tsaye cikin babbar riga yana tattare hannuwanta da ke zamewa. Ya ce a da can mutanen Wales ba su da sunan gida ko kaɗan. Mutum sunansa ne da na ubansa, sai wata 'yar kalma "ap" a tsakani mai nufin ɗan wane, daidai da "bin" ɗin da mutanen Maleshiya ke sawa. Da tsarin Ingila ya shigo, ana rubuta mutane a kotu da coci, sai a hankali sunan uba ya daskare ya zama na zuriya gaba ɗaya. Sunayen yankan kuma ba su da yawa, John ya fi kowanne farin jini, don haka duk wanda ubansa John ne ya wayi gari Jones. Ma'anar kenan, ɗan John, ba wani abu ba. Ya ce a duk Wales babu sunan da ya kai shi yawa. A ƙauyensu sai da sana'a ake rarrabe su, Jones mai madara, Jones mai gidan waya, Jones mai akwatin gawa. Mahaifiyarsa ma Jones ce tun kafin ta auri mahaifinsa, kuma ba su haɗa ko kakan kaka ba.

Na ji wata mata a bayana tana cewa ashe su ma Garba mai nama da Garba tela suke yi. Shi kuma, don ya sassauta abin, sai ya yi murmushi ya tambaya ko akwai masu Muhammad a cikin sunansu a zauren. Hannuwa suka tashi ta ko'ina. Nawa ma ya tashi, rabi, don sunan Baba kenan kuma shi ne a fasfo ɗina. Ya tambaya ko duk gida ɗaya muke. Aka fashe da dariya, ta kirki, har da masu dukan tebur. Ni da na tashi a layin da ke da Muhammadu a kowane zaure, ni ne na zo wata ƙasa na ɗaura wa bawan Allah uban da ba nasa ba.

Amma ba dariyar ce ta kashe min jiki ba. Bango na tuna. Na ɗaga kai a hankali ina roƙon Allah ya sa layi ya yanke, layin Rano da kullum sai ya yanke ana tsakiyar gaisuwa. Ranar tar yake, har ƙudan da ya sauka a rawanin Baba ana gani. Kuma babu zancen in fassara masa yadda na ga dama, don Turancin Baba ya fi nawa tsafta. Ya ji komai. Yana zaune bai motsa ba, hannunsa a kan sanda, abokansa sun sunkuyar da kai. Na tara wa tsoho mai hawan jini gari guda a ƙofar gida, na sa ya yi kuka, na sa ya yi ɗinki. Na ji kunya a rayuwata, amma ranar tsoro ne ya fi yawa, don na zaci zan ga mahaifina ya faɗi a bango ina kallo.

Sai aka ga Baba ya gyara zama. Ya yi gyaran murya, ya yi magana da Turancinsu na da, kowace kalma da wurin zamanta. Ya tambayi Dakta Jones ko akwai hanyar da za a gano malamin nasa. Mutumin bai yi masa ƙarya ba. Ya ce ba tare da sunan yanka ko sunan gari ba abin zai yi wuya ƙwarai, kuma a lissafin shekaru da ƙyar in yana raye. Baba ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa.

"To, ɗana," in ji shi, "godiyar nan ta daɗe a bakina, yau kuma na riga na fito da ita, ba zan mayar ba. Kai ne mutumin ƙasarsa na farko da na gani tun tafiyarsa. Ka karɓa ka tafi da ita. In ka koma, duk Jones ɗin da ka gamu da shi ka ce wani tsoho a Rano ya gode."

Dakta Jones ya cire hular ya riƙe a ƙirji. Ya ce wannan aikin zai cinye sauran rayuwarsa, amma ya karɓa. Na ga ya goge ido da hannun rigar. Aka yi tafi, wannan karon a hankali. Na fara sauke ajiyar zuciya, har na soma tunanin wataƙila a ƙarshe a ce ni na haɗa wannan alheri. Sai Baba ya juyo da fuskarsa gare ni, ya koma Hausa, bai ɗaga murya ba.

"Dakta, ai mu mun sani. Mista Jones da kansa ya gaya mana a aji cewa a garinsu in ka kira Jones rabin kasuwa ne zai waiwayo. Na yi shiru ne don na zaci ka bincika, tunda binciken aka tura ka yi."

Ban san yadda aka yi na zauna ba. Na dai tsinci kaina a kujera, Bitrus na bubbuga kafaɗata yana kuka don dariya, Hajara kuma ta wuce ta gabana da kwanon miya ko kallona ba ta yi ba, wanda ya fi min zagi ciwo. Dakta Jones ya ci tuwo da hannu ya yi ƙari, aka yi masa tapau, wato ƙunshi, na dafa-duka ya tafi da shi. Ya so ya mayar da rigar, Baba ya ce a gidanmu ba a karɓar kyauta in ta fita.

Na yi kwanaki ban iya kiran gida ba. Da na daure na kira, Baba ya amsa sallama lafiya lau, sannan ya tambaye ni yau kuma ɗan wa na samo masa. Har yanzu da wannan yake buɗe waya. Darasin da na ɗauka dai shi ne, duk labarin da ya zo daidai da abin da raina ke so, shi zan fara tuhuma, kuma ba zan ƙara yin albishir a tashar jirgi ba.

Abu ɗaya ne ban iya auna shi ba duk da ƙididdigata. Tun daga ranar nan Baba bai sake tayar da zancen Mista Jones ba, ko sau ɗaya. Ko nauyin ne ya sauka, ko kuwa ni na kashe masa sa rai, ban sani ba. Wannan karon ma tambayar tana bakina, kuma na kasa yi.